Tayi Ba Sallama Ba Ne: Yadda Kalmar Turanci Ɗaya Ta Cinye Mana Ribar Kaka

 

Yau ba maganar siyasa na zo da ita ba, ba kuma ta tsadar mota ba. Maganar wasu 'yan kalmomin Turanci ce, waɗanda in ka duba sama-sama sai ka ce duk abu ɗaya suke nufi, wato “so”. Na san wani zai ce to mu 'yan kasuwa ina ruwanmu da wannan, ai aikin malaman makaranta ne. Ni ma haka na ɗauka a da, har ranar da kalma ɗaya daga cikinsu ta cinye mana ribar kaka guda, kuma ta bakina ta shigo gidanmu.

Ni ne ɗan fari a wurin mahaifina, shi ya sa har yau bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce “kai” ko “yaron nan”. Baba fataucin goro yake yi, yana saye a hannun manoma da matan Yarbawa masu tarawa, a gyara, a ɗaure huhu, a loda zuwa Kano. Yarbanci kam yana jin sa kamar a Oja'ba aka yanke masa cibiya, lissafinsa kuma da ajami yake rubutawa a wani littafi mai baƙin bango. Turanci ne dai bai wuce na broka ba. Don haka tun ina aji biyu na ƙaramar sakandare na zama tafintansa. Duk takardar da ta zo, ta haraji ce ko ta banki ko saƙon waya, sai ya miƙo mini ya ce, “Kai, me suka ce?” Ni kuwa ina jin kaina, domin a gidanmu ni ne mai boko. Na gama sakandare a 2017, na ci Turanci a jarrabawar WAEC, sai na ɗauka babu sauran abin da ya rage mini a harshen nan.

Akwai wani sito da muke haya fiye da shekara ashirin, tsohon gini ne mai kaurin bango, ciki da sanyi ko da rana tsaka. Wanda ya san goro ya san darajar irin wannan wuri, domin goro ba ya son zafi, ba ya son iska ta buge shi, kamar jariri ake lallaɓa shi. Mai gidan wani dattijon Bayarabe ne mai jin Hausa, shi da Baba ba su taɓa rubuta komai a tsakaninsu ba. In shekara ta zagayo Baba ya kai masa kuɗi da ƙwaryar farin goro, su gaisa, shi ke nan. Da dattijon ya rasu, sai al'amarin gidan ya koma hannun ɗansa, wanda ya daɗe a Ingila, ba ya jin Hausa, Yarbancin ma Turanci ya fi yawa a ciki. Wajen ƙarshen 2019 wa'adinmu ya kusa cika, Baba ya sa na tura masa saƙo. Amsar da ya turo har yau tana cikin tsohuwar wayata:

“I am inclined to let your father keep the store. I would prefer two years upfront.”

Baba ya ce, “Me ya ce? Ya yarda ko bai yarda ba?” Ni kuwa ko tsayawa tunani ban yi ba na ce, “Ya yarda, Baba. Ya ce yana so ka ci gaba da riƙe siton, kuma in da hali a ba shi kuɗin shekara biyu.” Baba ya ce alhamdu lillahi, ɗan halak ya gaji ubansa, shekara biyu dai babu hali yanzu da kuɗi ke cikin kaya, za a kai masa na shekara guda yadda aka saba. A makon nan wani maƙwabcinmu ya yi wa Baba tayin wani sito mai kyau, Baba ya ce ya gode, ya riga ya samu. Muka ci gaba da sayen goro muna tarawa, da niyyar a riƙe shi har ya yi daraja.

A watan Janairu saƙo na biyu ya zo, cewa an ba wani siton, mu kwashe kayanmu kafin ƙarshen wata. Na kira shi jikina yana rawa, na ce ranka ya daɗe ba kai ka ce ka yarda ba? Ya amsa mini a natse, babu faɗa babu zagi, ya ce shi bai taɓa cewa ya yarda ba, cewa ya yi “inclined”, kuma ya faɗa mana abin da ya fi so, ba mu kawo ba, wani ya kawo. Siton maƙwabcin nan kuwa tuni an kama. Dole muka kwashe kaya zuwa wani ɗaki mai rufin kwano, ga zafin Fabrairu da Maris na Ibadan wanda kowa ya sani. Goro ya fara yaushi, sankara ta shiga wasu huhunan, abin da aka tara don riba sai da aka sayar da shi a gaggauce don a tsira da uwar kuɗi. Baba bai zage ni ba, bai ko ɗaga murya ba. Abin da ya ce kawai shi ne, “Ashe tayi ya yi, ka ce mini ya sallama.” Wallahi da bulala ya sa mini da ta fi mini sauƙi.

Ba zan ce mutumin nan ya yi ƙarya ba, domin bai yi ba. Ba kuma zan ce ya kyauta ba, domin ya san da wa yake magana, ya san shekarun da muka yi da mahaifinsa. Amma laifin fassara nawa ne, kuma shi ne ya sa na sayi tsohon ƙamus na Oxford a hannun masu baza littattafai a Dugbe, irin wanda A. S. Hornby ya tsara domin masu koyon Turanci, wanda kamfanin Oxford ya fara bugawa a 1948. Kullum bayan sallar isha sai in zauna in bi kalmomin nan ɗaya bayan ɗaya. Abin da na fahimta shi ne nake so in baje muku, da bakin ɗan kasuwa, ba da bakin malami ba.

Mu fara da “like”. Wannan jin daɗin abu ne kawai, abu ya burge ka. Duk wanda ya taɓa zama a shago ya san mai cewa “I like this one”, ya juya kaya, ya yaba, ya ajiye ya wuce. Yabo ne, ba ciniki ba. Sai “want”, wadda ita nema ce, mutum yana buƙatar abin ya zo hannunsa. Kana iya “want” abin da ba ka “like”, kamar maganin zazzaɓi mai ɗaci, kana kuma iya “like” abin da ba ka “want”, kamar dokin sarki, wanda in an ba ka ma ba ka da abin ciyar da shi. In aka ce “would like” kuwa, to “want” ce ta sa babbar riga, nema ne cikin ladabi. Kalma ɗaya aka ƙara, ma'ana ta tashi daga yabo ta koma buƙata.

Sai “prefer”. Ita ba ta tsayawa sai da abu biyu ko fiye, domin aikinta fifitawa. An ce asalinta daga Latin ne, ma'anarta a ɗauko abu a sa shi a gaba. Malaminmu na Turanci ya sha dukanmu a kan cewa “to” ke bin ta ba “than” ba, amma bai taɓa gaya mana abin da ya fi wannan muhimmanci ba, wato wanda ya ce maka “I would prefer” yana nuna maka inda za ka bi ka same shi ne. Bai ce ɗayan haramun ne ba, amma ya gaya maka cewa in wani ya zo da wanda ya fi so, kai ne a baya. Da na san haka a 2019, da na ce wa Baba, mutumin nan fa shekara biyu yake nema, in ba mu kawo ba muna iya rasawa. Da ko rance ne Baba ya ci, ko ya je da kansa a yi magana, ko ya ba da kafin alƙalami. Ni kuwa na mayar da ita “in da hali”, na zare mata haƙora.

Ƙanwarta ita ce “would rather”, kuma a nan ne na yi dariya ni kaɗai, domin ashe tamu ce tsaf: gara, ko gwamma. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Da babu gara ba daɗi. Kalmar “rather” ta fito ne daga wata tsohuwar kalmar Turanci mai nufin da wuri, wato abin da za ka fi saurin ɗauka in an tsare ka. Sau da yawa ana faɗin ta ne inda duka biyun ba daɗi, ana dai duba mai dama-dama. Kuma ku lura da wannan: in mai jin Turanci sosai ya ce maka “I would rather not”, kada ka tsaya jiran ya ƙara tunani. Ya ƙi ne. Ita ce “albarka” tasu. Kamar yadda in ka taya kaya mai kaya ya ce maka albarka, baƙo zai ɗauka addu'a aka yi masa, alhali an ce masa kuɗinsa bai kai ba. Haka ma “I am not keen”. Ita “keen” ɗoki ce da zumuɗi, amma in aka kore ta, ba wai ɗokin ne ya ragu kaɗan ba, a'a, ba ya so ne, yana dai sakayawa.

Sai “willing”. Wannan yarda ce, ba sha'awa ba. Mutum zai yi, ba zai yi gardama ba, amma ba a ce zuciyarsa na wurin ba. Yaron da aka tasa da asuba ya je tasha ya tsare kaya yana iya zama “willing”, amma a tambaye shi abin da ya fi so, zai ce barci.

Wadda ta fi kowace rikita mu a nan Kurmi ita ce “mind”. A Turancin Najeriya in aka miƙo maka abinci ka ce “I don't mind”, kowa ya san kana so ne, a zubo. A wurin mutumin Ingila kuwa, in ya ce shayi ko kofi ka ce haka, abin da ya ji shi ne duk ɗaya ne a wurinka, ba ka da zaɓi. Sannan ga tarkon “Do you mind”. Tambayar tana nufin, zai dame ka? In ka yarda, amsarka “no” ce. Mu kuwa sai mu washe baki mu ce “yes”, muna nufin bismilla, alhali mun ce eh zai dame mu. Na taɓa yi wa wata ma'aikaciyar banki haka da ta nemi aron birona, ta janye hannunta tana kallona, ni ina miƙa mata ina mamakin me ya same ta.

To sai uwar tafiyar, “inclined”. Asalinta jingina ne ko karkata, kamar bangon da ya fara kwantawa gefe guda. Ku ɗauki sikelin mai awo: an zuba kaya, allura ta fara tafiya gefe ɗaya, amma ba ta tsaya ba, kuma hannun mai awo yana kan buhu, yana iya ƙarawa yana iya ragewa. Wanda ya ce “I am inclined to” yana gaya maka inda zuciyarsa ta karkata a yau, tare da barin ƙofa a buɗe don ya fita gobe ba tare da an ce ya saɓa alkawari ba. Masu manyan ofisoshi da lauyoyi suna son ta ƙwarai saboda wannan ƙofar. Ba “agree” ba ce, ba “promise” ba ce. Tayi ne, ba sallama ba.

Akwai kuma wasu biyu da suke kama da ita amma su babu ruwansu da zuciya. “Tend to” ita ce “kan” tamu: farashin goro yakan faɗi lokacin kaka, yakan tashi in kaya sun ja baya. Ba so goron yake yi ba, al'adarsa ce. “Prone to” kuwa ita ma hali ce, amma ba a faɗin ta sai a kan abin da ba a so, kamar a ce goron da aka ajiye a zafi yana da saurin kamuwa da sankara. Ba a cewa mutum “prone” ne ga samun riba.

Da na gama bin su sai na lura da wani abu. A jarrabawar WAEC akwai sashen da ake ba ka kalma a ce ka zaɓi wadda ta fi kusa da ita a ma'ana. Shekara shida ana koya mana kusancin kalmomi, babu wanda ya koya mana nisan da ke tsakaninsu, alhali a cikin wannan ɗan nisan ne kuɗin mutane ke faɗawa. Makaranta ta ce mini “inclined” da “willing” da “want” 'yan gida ɗaya ne. Gaskiya ne, amma ai wa da ƙane ma 'yan gida ɗaya ne, kuma ba a ba ɗaya bashi a je a kama ɗayan.

Da farko na so in ɗora wa Hausa laifi, na ce ai mu kalma ɗaya gare mu, “so”, da ita muke son tuwo, da ita muke son mata, da ita muke son tafiya Makka. Maƙwabtanmu Yarbawa ma haka, kalmarsu “fẹ́” tana ɗaukar nema da ƙauna har da aure. Amma da na zauna na ƙirga sai kunya ta kama ni. Muna da sha'awa, muna da marmari, muna da kwaɗayi, da buri, da bege, da ƙauna. Muna da na fi so, da gara, da na gwammace. Muna da hankalina ya karkata, da ina duba yiwuwar, da bari mu gani, da sai yadda hali ya yi. Babu ko ɗaya cikin kalmomin Turancin nan da Hausa ta kasa ɗauka. Da na ce wa Baba “ya ce hankalinsa ya karkata ga ya bar maka”, da nan take zai gane, domin shi mutum ne da ya yi shekara arba'in yana rarrabe “zan duba” da “na saya”. Ba Hausa ce ta gaza ba, ni ne na yi gaggawa, na kuma so in kai wa mahaifina labari mai daɗi.

Wani malaminmu ya taɓa gaya mana cewa tun 1916 aka kafa unguwar Sabo a Ibadan, kuma wani masani daga Ingila mai suna Abner Cohen ya zauna cikinmu ya rubuta littafi a kan kasuwancin goro da shanu na Hausawan Sabo, aka buga a 1969. Abin da ya fi jan hankalinsa shi ne yadda dukiya mai yawa ke yawo tsakanin Kudu da Arewa bisa amana, ta hannun masu gida da dillalai, da bashi da maganar baki. To ai haka ne. Kakanninmu ba su da takarda, amma suna da kunne. Sun san nauyin kowace kalma a cikin ciniki, sun san inda tayi ya ƙare da inda sallama ta fara. Mu 'ya'yansu da aka sa a boko aka ce mu zama kunnuwansu a sabon harshe, in muka yi sakaci sai mu zama mu ne ɓarakar da ruwa ke shiga.

Amma ba a nan abin ya tsaya mini ba, kuma wannan kashi na biyun shi ya fi sa ni ɗaukar alƙalami.

A watan Fabrairun 2021 rikicin kasuwar Shasha ya auku a nan Ibadan, aka rasa rayuka, aka ƙona shaguna da gidaje, aka rufe kasuwar na wasu kwanaki. Mu ba a can muke ba, kasuwar 'yan tumatir da albasa ce, amma babu Bahaushen garin nan da bai kwana da ido ɗaya ba a lokacin. Mun ga motoci cike da mata da yara sun nufi Arewa. Bayan ƙura ta lafa sai Baffana da ke Kano ya fara yi wa Baba waya, yana cewa bai kamata a tara ƙwai duka a kwando ɗaya ba, a turo masa ni in zauna a kasuwar Mariri in riƙa karɓar kaya, in ya so a yi mini aure a can, gida ya samu ƙafa biyu. Magana ce mai hankali, babu wanda zai ce ba haka ba.

Baba ya kira ni ya ce, “Kai, ka ji abin da Baffanka ya ce. Me ka gani?” Na sunkuyar da kai na ce, “Ba komai, Baba. Duk yadda kuka yi daidai ne.” Bayan mako biyu ya sake tambaya, na sake ba shi amsar nan. Haka muka yi ta yi har wata uku. A raina kuwa ba na son tafiyar ko kaɗan. A nan aka haife ni, a nan abokaina suke, kuma ina da burin in shiga karatun ƙarshen mako in yi difloma a kan lissafin kuɗi. Amma yaya ɗan fari zai dubi mahaifinsa ya ce ba na so? Mu an tashe mu a kan cewa ɗa na gari ba ya da zaɓi a gaban iyaye, kunya ma ba za ta bar ka ba.

Wani dare ina kwance sai abin ya faɗo mini. Ashe abin da ɗan mai gidan nan ya yi mana shi nake yi wa Baba, sai dai nawa a juye yake. Shi ya faɗi kalmar da ta yi kama da yarda alhali bai yarda ba. Ni kuma ina faɗin kalmar da ta yi kama da so alhali yarda ce kawai. Ina “willing”, Baba yana jin “want”. “Ba komai” ɗina ita ce “I don't mind”, kalmar da kowa ke fassara ta yadda ya ga dama. Kuma in aka tura ni Kano a kan wannan kalma, na je na yi zaman ɓacin rai, kasuwa ta lalace a hannuna, wa zan ce ya cuce ni?

Sai na ga ashe akwai hanya tsakanin rashin kunya da yin shiru, kuma kalmomin nan ne suka nuna mini ita. Ba dole ne in ce “ba na so” ba. Ina iya faɗin yardata da zaɓina a numfashi ɗaya, kowanne a wurinsa.

Washegari bayan isha na same shi a kan tabarma a ƙofar gida yana sauraron rediyo. Na durƙusa na ce, “Baba, ina da magana.” Ya rage murya. Na ce, “In ka ce in tafi Mariri zan tafi, kuma ba zan tafi da ƙunci ba, zan riƙe amana yadda ka koya mini. Amma da za a bar mini zaɓi, na fi so in zauna nan kusa da kai, in riƙe maka lissafi, in kuma ƙara karatu.” Ina gama faɗa na ji kamar an sauke mini buhun gishiri daga ka, amma ban iya ɗaga ido ba.

Ya yi shiru har na fara da-na-sani. Can ya ɗauko goro a aljihu ya ɓare, ya miƙo mini ɓari guda, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, “Wata uku ina tayawa kana ce mini ba komai. Ba komai ai ba farashi ba ne. Yau ka faɗi kuɗin kayanka, yanzu za a iya ciniki.”

Kada ku ɗauka na samu duk abin da nake so, ciniki ne aka yi irin na 'yan kasuwa. Aka yanke cewa zan riƙa zuwa Kano lokacin kaka in yi wata uku ina taya Baffa karɓar kaya, sauran shekara ina nan. Na yi haka a 2021 da 2022, kafin ɗan Baffa ya kammala makaranta ya karɓi wurin. Kuma gaskiya na ƙaru, na ga ƙarshen hanyar da goronmu ke bi, na san mutanen da a da muryarsu kawai nake ji a waya, duk da tsokanar da suke yi mini wai ɗan Kurmi, Hausarsa da warin manja. Kano ta burge ni, amma Ibadan na fi so, kuma yanzu na san waɗannan maganganu biyu ba sa karo da juna. Karatun kuwa har yau ban shiga ba, amma yanzu laifin aljihu ne, ba na baki ba.

Abin da zan roƙi 'yan uwana matasa masu yi wa iyaye tafinta shi ne, in takarda ta zo kada mu yi saurin cewa “ya yarda” ko “ya ƙi”. Mu tsaya mu duba, yabo ne, ko nema, ko fifiko, ko karkata, ko alkawari. In kalma ta shige mana duhu, ba abin kunya ba ne mu mayar da tambaya ga mai ita, mu ce ranka ya daɗe, wannan eh ce ko tukuna? Ni yanzu duk wanda ya rubuto mana “inclined”, amsata ita ce mun gode, yaushe za mu zo a sa hannu? Iyayenmu kuma, Allah ya ƙara muku girma, in yaro ya ce “ba komai”, a ɗan ƙara tayawa, domin sau da yawa akwai komai.

Har yau in saƙo ya shigo Baba yakan miƙo mini waya ya ce, “Kai, me suka ce?” Sai dai yanzu in na gama karantawa yakan ƙara da cewa, “Tayi ne ko sallama?”

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, ya jiƙan magabatanmu da suka share mana wannan hanya.